Kiɗan gem ɗina yana yankewa kamar an murɗa tashar rediyo, ku ba ni shawara

Ɗan Ƙofar Ran:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin sauti ku kawo ɗauki, kaina ya kulle. Wata tara ke nan ina haɗa wani gem na waya, labarin yaro ɗan maharba da ya shiga daji neman mahaifinsa, tun daga bakin ganuwar Bauchi har cikin kurmi irin na wajen Yankari. Laftof ɗin ma ta yayana ce da ya koma Kaduna, batirinta ya mutu, sai dai in tafi shagon abokina a Wunti mai sola, in raɓe bayan kanta daga azahar zuwa magariba, in ya tafi masallaci in tsare masa shago. Hajiyarmu har gobe gani take wasa nake, kullum sai ta yi min zancen ɗan maƙwabcinmu da ya buɗe POS.

Bayan babbar salla na je ƙauyen kakanninmu ta hanyar Dass, na samu wani dattijo mai gurmi, abokin kawuna, da ɗansa mai kalangu. Na ba su dubu 25 da goro, suka yi min kiɗan minti 6 a zaure, na ɗauka da waya. Wallahi in ka ji sai tsigar jikinka ta tashi. Har carar zakara ta shiga, na bar ta.

Burina kiɗan ya riƙa bin mai wasa: yana tafiya, gurmi a hankali; kura ta ɓullo, kiɗa ya ɗau zafi; ya tsira, ya lafa. Na yanka shi gida uku a Audacity, manhajar gyaran sauti. To da kura ta fito sai ya katse a tsakiyar bugu. In ya ƙare zai zagayo farko kuma sai a ji ɗan shiru da "ƙas". Saura sati uku in nuna shi a wani taron matasa. Ga kuma labarin gem ɗin, hanyoyin ƙarewa biyar ne da shi, biyu kacal na rubuta. Ya zan yi?

Injiniya Pantami:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, gaskiya ɗaya ce: abin da ka ɗauko a zaure ka ajiye shi don tarihi. Gurmi da kalangu sun shiga makirufo ɗaya, sun zama kunu, ba ka da hanyar raba su. Kuma na rantse makaɗin bai tsaya kan gudu ɗaya ba, ya fara a hankali ya ƙare da sauri, haka makaɗanmu suke.

Hanya biyu ake bi a duniya. Ta farko hawa-hawa: a ɗauki kowane abin kiɗa shi kaɗai, tsawonsu ɗaya, gudunsu ɗaya, a kunna su tare, sai gem ya riƙa ɗaga muryar wannan yana danne ta wancan. Tun 1990 a gem ɗin Super Mario World, da ka hau Yoshi, dabbar da Mario yake hawa, ganguna suke shigowa kan kiɗan da ke tafiya, ka sauka su fita. Ta biyu yanki-yanki: kiɗa yana jira sai bugu ya cika sannan ya tsallaka zuwa wani yankin. Kamfanin LucasArts sun yi wannan a 1991 da tsarinsu na kiɗa iMUSE a gem ɗin Monkey Island 2. Kai ba ka yi ko ɗaya ba, almakashi kawai ka sa.

Ka kawo su situdiyo, a sa musu abin kunne mai ƙirga bugu, 100 a minti. Bugu huɗu daƙiƙa 2.4 ke nan, komai ya zauna a kan wannan lissafi. Sannan ka sauke FMOD, manhajar sarrafa sauti a gem, kyauta ne ga ƙananan masu haɗa gem. Shi kuma "ƙas" ɗin, na tabbata MP3 ka fitar. MP3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, ba ya zagayowa sumul. Ka koma OGG, wani nau'in fayil ɗin sauti.

Ɗan Ƙofar Ran:
Na gode Yaya Injiniya. MP3 ne kam, wannan ka canka. Amma maganar ajiye kiɗan ba za ta yiwu ba. Dattijon nan ya haura saba'in, in ce ya hau mota ya zo Bauchi a toshe masa kunne da na'ura? Kawu ma ba zai bari ba. Kuma zauren nan shi ne daɗin abin.

Abu Hanifa Jahun:
Situdiyo? Allah ya tsare ka. Bara na kai wa wani mai situdiyo aikin tallar shagona, kafin alƙalami dubu 15, wata huɗu yana ce min kwamfuta ta ci aikin. Har yau in muka haɗu a Muda Lawal sai ya tsallaka titi. Duk wanda za ka ba kuɗi ku yi a rubuce da shaidu, kuma kada ka yarda da "gobe in Allah ya kai mu".

Anti Mai Rediyo:
Injiniya, ka yi saurin yanke hukunci. Na shekara goma ina haɗa sauti, na ga yadda makaɗan gargajiya suke komawa in an ɗaure su da abin ƙirga bugu: kiɗan ya fito daidai, amma lami, kamar miya ba daddawa. Ɗana, kada ka yar da komai. Ka zauna da abin kunne ka saurari minti shidan nan sau goma, ka nemo wuraren da mai gurmi yake sauke jimla, inda yake numfasawa kafin ya ɗauko wata. Nan za ka yanka, ba inda agogo ya nuna minti biyu ba. Ka fitar da gajerun yankuna na daƙiƙa 8 zuwa 12. In kura ta fito, ka saki bugun kalangu guda mai ƙarfi nan take don kunne ya ji an amsa, a ƙarƙashinsa ka zame zuwa yankin zafi. Bugun nan shi zai rufe ɗinkin.

Injiniya Pantami:
Anti, da girmanki, rediyo daban gem daban. A rediyo ke kika san lokacin da abu zai faru. A gem yaro na iya tsayawa gaban kura minti biyar yana cin gyaɗa, ko ya shiga ya fita sau bakwai a daƙiƙa goma. Yankin daƙiƙa 12 in ya maimaitu sau ashirin mutum zai kashe sautin wayarsa. Na faɗa, FMOD.

Baba Sarkin Fawa:
Ni ba na gane kwamfutarku, jikata ce ta karanta min. Amma abin da kuke ta turanci a kai, a filin dambe muka tashi muka tarar da shi. Mai kalangu ba ya kallon ganga, 'yan dambe yake kallo. Suna zagaye juna ya ja kiɗa ƙasa, an kai hannu ya matse tsarkiya ya ɗaga, an yi kisa ya juya take. Kowane ɗan dambe da takensa, tun bai fito ba ka san shi ne. Yaro, kurarka tana da take? Uban yaron yana da take? In babu, me kiɗan zai bi? Sannan wa ya ce maka gurmi na maharba ne? Gurmi 'yan kokawa ake yi wa. Maharbi garaya ce tasa.

Ɗan Ƙofar Ran:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganar garaya na sani, amma ban samu mai garaya ba, kuma yaran da za su buga gem ɗin wa zai bambance a cikinsu? Take kuwa ban yi tunaninsa ba, sai dai kiɗan an riga an ɗauka.

Malam Na Yelwa:
Ni dai nasiha ce. Ka san iyaye da yawa a garin nan in suka ji kiɗa a wayar yaro gogewa za su yi. Me zai hana ka yi da sautin daji kawai, iska, tsuntsaye, takun ƙafa? Su ma ai suna iya canzawa in hatsari ya matso: tsuntsaye su yi tsit. Ko aƙalla ka sa wurin kashe kiɗan.

Abu Hanifa Jahun:
Malam ya yi gaskiya kan iyaye. Ni ɗana data ɗin sati yake cinyewa a kwana biyu. Gem ɗin naka megabayit nawa ne tukuna?

Injiniya Pantami:
Tambaya mai kyau. WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, minti ɗaya kusan megabayit 10 ne, minti shida 60, in hawa huɗu ne ka lissafa da kanka. Shi ya sa na ce OGG. Wai ma tsaya, da me kake haɗa gem ɗin? Tun safe muna magana ba ka faɗa ba.

Ɗan Ƙofar Ran:
Au, afuwan. Da manhajar haɗa gem ta Godot ne, sigar 3.5.

Injiniya Pantami:
Inna lillahi. To FMOD kamfaninsu manhajojin haɗa gem na Unity da Unreal suka yi wa mahaɗi, na Godot masu sa kai ne suka haɗa, za ka sha wuya a sati uku. Ka koma Godot 4.3 ko sama. Tun Agustan 2024 suka sa tsarin sauya kiɗa mai suna AudioStreamInteractive a ciki: ka jera yankuna, ka ce ya tsallaka a bugu na gaba ko a ƙarshen yanki. Amma sai ka gaya masa gudun kiɗan, kai kuma naka ba shi da gudu tsayayye. Mun dawo kan maganata ta farko.

Anti Mai Rediyo:
Ai kai da bakinka ka ce akwai "ƙarshen yanki". Wannan ba ya buƙatar gudu, shi ne abin da na faɗa tun ɗazu. Ni abin da ya fi damuna babu wanda ya taɓa: ƙarshe biyar a sati uku. Ɗana, a taro ba wanda zai buga gem ɗinka sau biyar. Ka bar hanyoyin su rabu su sake haɗuwa, ƙarshe biyu sun isa, bambancin ya fito a abin da mutanen ƙauye suke ce wa yaron da kiɗan da ke tarbarsa. Ka zana rassan a Twine, manhajar tsara labari mai rassa, ko a bayan kalanda ka ga yawan aikin da idonka.

Ɗan Ƙofar Ran:
Anti na ji, amma biyar ɗin nan su ne gem ɗin. Akwai wanda uban ne ya rikiɗe ya zama kurar, shi na fi so, kuma shi ne ban rubuta ba. Komawa 4.3 kuma na taɓa gwadawa, rabin rubutun umarnin gem ɗin ya yi ja da kurakurai, na kwana biyu ban yi barci ba na dawo. Yanzu dai na mai da fayilolin OGG, "ƙas" ɗin ya ragu amma bai tafi ba.

Injiniya Pantami:
Bai tafi ba saboda ka yanka inda igiyar sauti take sama. Zuƙo hoton a Audacity ka yanka daidai inda ta ratsa layin tsakiya. Sauran kuma tunda ka fi mu sani, Allah ya ba da sa'a.

Baba Sarkin Fawa:
In uban ne kurar, ai take ɗaya za ka yi musu, na uban a gurmi, na kura a kalangu. Mai kunne zai gane tun kafin a gaya masa.

Ɗan Ƙofar Ran:
Baba wannan sai an sake ɗauka, kuma Kawu ya ce dattijon ya tafi Toro wajen 'yarsa sai bayan girbi. Abokina zai rufe shago, gobe zan duba. Wai akwai mai makirufo da zai ara min na kwana biyu?