Wai cingam na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa? Muhawarar zauren 'yan Aboabo

Auta: Salamu alaikum. Wani abokina a jami'ar KNUST ta Kumasi ya rantse cewa tauna cingam na sa karatu ya zauna. Jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE ta matso, in sayi kwali guda ne?

Malam: Wa alaikumus salam. Kai yaro, da cingam na ba da hadda, da masu tallarsa a kasuwar Kejetia duk sun zama alarammomi.

Anti Nas: Malam, a yi haƙuri, maganar tana da tushe. A 2002 masu bincike a Jami'ar Northumbria ta Ingila sun raba mutane kashi uku: masu tauna cingam, masu motsa baki ba komai a ciki, da masu zaune kawai. Masu cingam sun fi tuna kalmomin da aka ba su, bugun zuciyarsu ma ya ɗan ƙaru.

Yaya Babba: Anti, ai ba a nan aka tsaya ba. A 2011 an gwada ɗalibai a Jami'ar St. Lawrence ta Amurka. Waɗanda suka tauna na minti 5 kafin gwaji sun fi ƙoƙari, amma cikin minti 15 zuwa 20 na farko kawai. Waɗanda suka yi ta tauna suna rubutu ba su ƙaru da komai ba. A 2012 kuma wasu a Cardiff suka ga tauna na dagula riƙe jerin abubuwa bi da bi. Ni dai a ganina wartsakewa ce ta ɗan lokaci, ba basira ba.

Kawu Direba: Wartsakewar ce muke so mu. Hanyar Tamale da dare, in baki na motsi ido ba ya rufuwa. Amma goro ya fi.

Hajiya Mai Goro: Allah ya yi maka albarka, Kawu! Kakanninmu goro ya kawo su Salaga da Kumasi, ba roba mai zaƙi ba.

Anti Nas: Hajiya, goro sinadarin kafeyin mai hana barci ne a cikinsa, shi ya sa. In Auta ya ci da dare barci zai ƙaurace masa, alhali a cikin barci ne abin da aka karanta ke zama. Kawu, kai kuma in gyangyaɗi ya zo, don Allah ka faka.

Malam: To, ashe da ɗan abin kamawa. Amma ɗalibi ya shigo mini aji yana taƙas-taƙas, waje zai yi.

Auta: Wato guda ɗaya a bakin ƙofa kenan. Kwalin fa?

Yaya Babba: Da kuɗin wa?