Muhawara: Shin Function ya isa a Java, ba sai da Consumer ba?

Bashir: Ra'ayina shi ne, waɗanda suka fitar da Java 8, wani bugu na harshen rubuta manhaja na Java, a 2014 sun ƙara wa kansu aiki da suka raba Function da Consumer, wato interface biyu (tsarin da ke fayyace siffar aiki). Na farko yana karɓar abu ta apply ya mayar da sakamako, na biyu yana karɓa ta accept ba ya mayar da komai. Ai Function<T, Void> zai ɗauki nauyin duka biyun, tunda Void na nufin babu sakamako, kamar yadda harshen Kotlin ya wadatu da Unit, ƙimar da aiki ke mayarwa idan ba shi da sakamako.

Hadiza: Malam Bashir, kwatancen bai zauna ba. Unit ƙima ce ta gaske, Void kuwa ba a iya samar da ko ɗaya daga cikinsa, don haka dole kowace lambda, wato ɗan gajeren aiki marar suna, ta ƙare da return null (mayar da "babu komai"), layin da ba ya gaya wa mai karatu komai. Ka kuma duba andThen, mai jera ayyuka biyu ɗaya bayan ɗaya: a Function, sakamakon na farko ne ake miƙa wa na biyu, amma a Consumer, abu ɗaya ake bai wa kowannensu bi da bi. Idan ka haɗe su, null za ka miƙa wa mataki na gaba.

Auwalu: Malama, na yarda da wannan, sai dai rabuwar ba ta kai tsaurin da ake zato ba. Idan na rubuta x -> jeri.add(x), Java za ta karɓe shi a matsayin Consumer, ta kuma karɓe shi a matsayin Function, domin add yana mayar da boolean, wato amsar e ko a'a. Ke nan babu abin da ke hana Function taɓa abin da ke wajensa.

Hadiza: Gaskiya ne, Malam Auwalu, suna ne kawai ke bayyana niyya, kuma niyyar tana da amfani. Na taɓa cika wani jeri na ArrayList daga cikin forEach, wanda ke karɓar Consumer, a kan parallelStream, mai raba aiki ya gudanar da sassansa a lokaci guda, sai jerin ya riƙa fitowa da gibi, yau adadi kaza, gobe wani daban. Ganin Consumer a wurin ne ya nuna mini inda zan fara bincike, na koma map, mai karɓar Function, da collect, mai tattara sakamako, matsalar ta kau.

Bashir: Na janye batun Void. Amma har yanzu ina ganin aikin ya yi yawa, tunda rabuwar nan na cikin abin da ya kai java.util.function, kunshin da suke ciki, ga interface 43, alhali da yawansu maimaici ne saboda nau'o'in lambobi na int, long da double.