Ruwan famfo ya koma kwana ɗaya cikin uku: tankin sama ko na ƙasa?

Uwar Gida: Assalamu alaikum jama'a. Hukumar ruwa ta sanar cewa har bazara ta wuce, kwana ɗaya cikin uku za a riƙa sako mana ruwa, da dare, kuma ba ya da ƙarfin hawa sama. Mu takwas ne a gida. Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne: ko tankin sama da injin tura ruwa, ko tankin ƙasa. Bohol ba ya cikin lissafi. Wanne zan fara?

Ɗan Unguwa: Hajiya ki haƙa bohol ki huta kawai.

Mai Gyaran Famfo: Wa alaikumus salam. Ta ce babu bohol, Malam. Hajiya, fara da lissafi. Lita 50 ga mutum ɗaya a rana tana isa sha, girki, wanka da wanki idan an kula. Ita ce ma iyakar da birnin Cape Town ya sa wa mutanensa a 2018 da madatsunsu suka kusa ƙafewa. Ku takwas lita 400 ke nan, kwana uku 1,200. Ƙara kwana ɗaya saboda ranar da za su saɓa, 1,600. Sayi tanki mai lita 2,000, ki ajiye shi a ƙasa a kan daɓen siminti mai sumul, don tsakuwa ɗaya a ƙarƙashinsa tana iya huda shi. Ruwa marar ƙarfi zai shiga da kansa. A sa fulot a bakin shiga don ya rufe in ya cika, in ba haka ba kina barci yana ambaliya. Inji da tankin sama su zo daga baya.

Baban Yara: Wahalar banza. A haɗa inji kai tsaye da bututun hukuma, minti kaɗan tankin sama ya cika. Ya fi arha nesa ba kusa ba.

Injiniya: Don Allah kar a yi wannan. Inji in ya zuƙi bututun da ba shi da ƙarfi, duk inda ya tsage a hanya ruwan kwata da na sokawe yake jawowa ciki, shi za ku sha. Maƙwabtan da ke ƙarshen layi kuma ba za su ga ko ɗigo ba. Shi ya sa hukumomin ruwa da yawa suka hana. Kuma ba arha ba ne: ruwa na yankewa inji ya ci gaba da juyawa a bushe, ya ƙone. Ga hasumiyar ɗora tankin: lita 1,000 tan ɗaya ce cif, ƙarfen da zai ɗauke ta yakan kai kuɗin tankin ko ya wuce.

Baban Yara: Injiniya, ku a takarda kuka san ruwa. Hasumiya ba ta kai rabin kuɗin tanki ba.

Mai Gyaran Famfo: Wadda ba ta kai rabi ba ita ce ke lanƙwashewa. A nan ina bayan Injiniya, kodayake mu ne ke shiga rami ba su ba.

Ɗan Unguwa: To ni dai shawarata a rage wanka, a ƙara turare.

Malama: Allah Ya shirye ka. Hajiya, kafin tanki ki toshe inda ruwan ke gudu. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da wajen lita 30 a rana, kuma yawanci robar ciki ce ta cinye, sauya ta kawai. Masai mai jan ruwa ya fi ɓarna: tsohon samfuri lita 9 zuwa 12 yake saki a ja ɗaya. Ɗiga ɗan kala a tankinsa, jira minti 15 ba a ja ba. In kalar ta bayyana a kwanon, robar ƙasa na yoyo. Shawa tana cin lita 10 ko fiye a minti, bokiti ɗaya kuwa ya gama wanka. Ruwan ɗauraya a tara shi don masai da shara. Shuka a ba ta da asuba ko bayan faɗuwar rana. Tankin kuma ya zama baƙi ko mai kauri da haske ba ya ratsawa, da murfi gam, saboda gansakuka da sauro. Sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta yana gushewa cikin 'yan kwanaki a zafi, don haka na sha a tafasa, tanki a wanke duk wata shida.

Dattijo: Duk tattalin nan a kanmu yake ƙarewa. Wa ya yi maganar mita? Bututu ya kwana biyu babu ruwa, iska ta cika shi. Ranar da aka sako, iskar ce ke fara fitowa tana huci, mita tana juyawa tana ƙirga ta. Ƙarshen wata a kawo takarda, ka biya kuɗin iska! Ka kai kuka a ce mita ba ta ƙarya. Ga bututu a fashe a bakin titi makonni yana malala, an kai rahoto ba wanda ya leƙo, sannan a ce mu ne masu ɓarna. A birane da yawa kashi ɗaya cikin uku na ruwan da aka tace a hanya yake salwanta.

Injiniya: Gaskiya ne Baba. Rufe bawul ɗin da ke kusa da mita duk lokacin da aka ɗauke ruwa, a buɗe bayan ya dawo sosai. Maganin dindindin bawul mai fitar da iska ne kafin mita, amma wannan ɓangaren na hukuma ne, sai da izininsu.

Dattijo: Izini? Wanda zai tashi ƙarfe biyun dare ya buɗe bawul fa, su za su biya shi?

Baban Yara: Gara ku masu mita. Mu kuɗin ƙiyasi ake yanka mana, ruwa ya zo ko bai zo ba.

Uwar Gida: Na gode ƙwarai. Amma tankin ƙasan, a binne shi ko a bar shi a fili? Sokawenmu bai da nisa da wurin.

Dattijo: Ƙiyasin ma da me suke auna shi? Yawan ɗakuna ko yawan mutane?