Zagaye na biyu a jihar Jojiya ta Amurka: Baban Walid ya ce magudi ne (hirar da aka yi a wani zaure gabanin zagaye na biyu na zaɓen sanata na Disamban 2022)

Baban Walid: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun ranar 8 ga Nuwamba raina a ɓace yake, kuma a zauren nan ba wanda ya ko tambaye mu ya ake ciki, kullum Tinubu Atiku Kwankwaso Obi kamar mu da ke nan ba mu da tamu damuwar. Mu a Jojiya mun fita mun zaɓi Sanata Raphael Warnock na Dimokurat, ya samu kashi 49.4, Herschel Walker na Ripablikan 48.5, tazarar ƙuri'a sama da dubu 37, amma wai bai ci ba sai mun koma ranar 6 ga Disamba, saboda wani Chase Oliver na jam'iyyar Libertarian ya kwashi ƙuri'a dubu 81 babu wanda ya haura kashi 50. Karo na huɗu ke nan cikin shekara biyu da za mu yi wa bawan Allahn nan layi, ban da zaɓen fidda gwani. Ni a sito nake aiki, da awa ake biyanmu, in ka tafi layi awannin nan sun tafi ke nan, kuma irinmu ne ba sa komawa karo na biyu, su ma sun sani. Wannan magudi ne tsagwaronsa.

Barista: Wa alaikumus salam. Baban Walid ka janye kalmar magudi dan Allah. Magudi shi ne a saci akwati ko a sauya alƙaluma ko a dangwala wa matattu. Doka ta ce sai ka haura rabi, bai haura ba, ina magudin?

Baban Walid: Ranka ya daɗe ita dokar wa ya rubuta ta, kuma don wa?

Barista: Wannan wata magana ce daban. Ka ce dokar ba ta yi maka ba, sai mu saurare ka. Amma wanda ke kula da zaɓen Jojiya, Brad Raffensperger, ɗan Ripablikan ne, kuma shi ne Trump ya kira a waya a Janairun 2021 yana so ya nemo masa ƙuri'a 11,780 ya ƙi. Mutumin da ya ce wa shugaban ƙasa na jam'iyyarsa a'a, shi za ka liƙa wa magudi?

Jar Hula 2023: Baban Walid kar ka janye komai!! Mu Kanawa mun san abin nan tun kafin ku. Inkonkulusib ke nan, sunan kawai suka canja.

Hajiya ta Bronx: Ni dai tambayata, shi Warnock ɗin da kake ta zafi a kansa me ya yi maka? Kuɗin haya ya sauka ne ko kuɗin mai? Mu nan a Niyok kwai ma sai ka yi lissafi kafin ka ɗauka. Mutum yana kan kujera, yana da kuɗin kamfen kamar me, ya kasa kai rabi, ai sai ya tambayi kansa.

Baban Walid: Hajiya ba maganar kwai muke ba. Kuma in kasawa ce, ki dubi Walker. Gwamna Brian Kemp, jam'iyyarsu ɗaya, takarda ɗaya, ya ci da kashi 53 ya kayar da Stacey Abrams ba wani zagaye na biyu, ya fi Walker da ƙuri'a wajen dubu 200. Ma'ana 'yan Ripablikan ɗin ma da yawa sun zaɓi Kemp sun tsallake Walker. Mutumin da ƙwallo kawai aka san shi da ita, Trump ya ɗauko shi ya ɗora.

Hajiya ta Bronx: To ai ka ba kanka amsa ƙanina. In mutane sun iya zaɓar wannan su bar wancan kuma aka ƙirga daidai, magudin a ina ya shigo?

Barista: Madalla Hajiya. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Malamar Tarihi: Ku ɗan tsaya, don ku duka kun kama kalma kun bar maganar. Dokar nan tana da asali. Har zuwa farkon shekarun 1960 Jojiya na amfani da wani tsari da yake ba ƙananan gundumomin karkara nauyi fiye da birane irin Atlanta inda baƙaƙen fata suka fi yawa, Kotun Ƙoli ta rushe shi a 1963. Sai wani ɗan majalisar jiha daga Macon mai suna Denmark Groover ya tsaya kai da fata a kan dokar sai ka haura rabi. Shi wannan ya taɓa faɗuwa zaɓe a 1958, ya ɗora laifin a kan baƙaƙe wai sun haɗa kai sun yi ƙuri'a waje ɗaya. Dabarar a fili take, in farare sun rabu gida biyu ko uku a zagayen farko ɗan takarar baƙaƙe ya zo na ɗaya, to a zagaye na biyu sai su dunƙule a kansa. Ba a saci akwati ba Barista, amma kar a ce dokar daga sama ta faɗo.

Barista: Malama na ji tarihin, amma ke ma ba ki ce magudi ba. Na gode.

Malamar Tarihi: Ban ce ba, kuma ban ce ka yi daidai ba. Kar ka sa min magana a baki.

Jar Hula 2023: Malama sak abin da aka yi mana. Maris 2019 Abba yana gaba da ƙuri'a sama da dubu 26 aka ce inkonkulusib, aka koma ranar 23 ga wata, kowa ya ga abin da ya faru a Gama da idonsa, aka wayi gari wai Ganduje ya ci da ƙasa da dubu 9. Baban Walid Allah ya ba ku haƙuri, mun san zafin.

Aiki Sai Mai Shi: Kai yaro ka iya bakinka. Kotu ta duba, har Kotun Ƙoli aka je, me ta ce? Ƙuri'un da aka soke sun fi tazarar, dokar INEC ce ba Baba Ganduje ya rubuta ba. Kusan shekara huɗu kuna kuka ɗaya.

Jar Hula 2023: Waye yaro? Ka zo Gama ka faɗi haka a bakin titi in ka isa.

Aiki Sai Mai Shi: Gawuna na nan tafe, ku tanadi wani kukan.

Kawu Admin: A bar zagi. Maganar Amurka ake.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ku 'yan Najeriya kuna haɗa abin da ba ya haɗuwa. Inkonkulusib ɗinku wasu runfuna ne aka soke a je a sake su kaɗai. Zagaye na biyu kowa da kowa ke komawa, tsakanin mutum biyu na sama. Mu a Nijar shi muka sani kuma ba wanda ke ce masa magudi. Disamba 2020 Bazoum ya samu kashi 39, Mahamane Ousmane wajen 17, aka koma a Fabrairu Bazoum ya ci da 55 da ɗoriya. Ku kuwa sanata zai iya shiga majalisa da kashi 35 alhali yawancin mutane ba sa sonsa, wannan ne adalcin?

Maradi Kolliya: Ba wanda ke ce masa magudi? A wane gari kake? Shi Ousmane ɗan garinku ya yarda da sakamakon ne? Kuma 2016 fa, Issoufou 48, Hama Amadou yana tsare a gidan kason Filinge yana takara daga can, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu aka ce 92. Kar ka zo nan kana wanke gwamnati da sabulun Amurka.

Ɗan Damagaram: Ni tsari nake magana ba mutane ba.

Maradi Kolliya: Tsarin aljanu ke tafiyar da shi?

Baban Walid: Jama'a dan Allah ku dawo. Maganata ta fitowar mutane ce. A 2008 Sanata Saxby Chambliss ɗan Ripablikan yana kan kujera ya samu 49.8, mutum wajen miliyan 3.7 suka yi zaɓe, da aka koma a Disamba miliyan 2.1 kawai suka fito ya ci da 57. Mutum sama da miliyan ɗaya da rabi sun zauna a gida! Ba ra'ayi suka canja ba, ba su dawo ba ne kawai, Obama ba ya kan takarda, ga sanyi ga aiki ga hidimar ƙarshen shekara. Wanda mutanensa suka fi samun sarari shi ke ci, shi ke nan.

Barista: To ka bayyana min Janairun 2021. Da wannan dokar dai David Perdue na Ripablikan ya zo na ɗaya a Nuwamba da 49.7, aka koma Jon Ossoff na Dimokurat ya kayar da shi, shi kansa Warnock a zagaye na biyu ya kayar da Kelly Loeffler, mutum kusan miliyan 4 da rabi suka fito. Da babu dokar da Perdue ne sanata yau. Ranar ban ji ka ce magudi ba, hoton murna ka turo mana.

Baban Walid: Shi ya sa ai suka yi maza suka taɓa dokar! Wata biyu bayan nan majalisar jiha ta yi sabuwar dokar zaɓe mai suna SB 202 Kemp ya sa hannu. Da sati 9 ne tsakanin zagayen farko da na biyu, suka mayar da shi sati 4. Da sati uku ake zaɓen wuri, wato kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, yanzu kwana 5 ne dole, Litinin zuwa Juma'a lokacin da muke wurin aiki. Rajista an rufe tun 7 ga Nuwamba, yaron da bai yi ba kafin nan ba shi ba zaɓen. Ko ruwa ka miƙa wa tsohuwa a layi ka yi laifi. Asabar ɗin bayan hutun Thanksgiving ma cewa suka yi ba za a buɗe runfuna ba, sai da kamfen ɗin Warnock ya kai ƙara alƙali a gundumar Fulton ya ce a buɗe. Kuma shi Raffensperger ɗin naka ofishinsa ne ya ce kar a buɗe. In ba ka son kalmar magudi ba ni wata.

Barista: Kotu ta ba ku gaskiya aka bi umarnin kotu. A wace ƙasar magudi ake yin haka?

Malamar Tarihi: Kuma don adalci, ɓangarorin biyu duk sun yi wasa da ita. 1992 Sanata Wyche Fowler ɗan Dimokurat ya zo na ɗaya aka koma Paul Coverdell ya kayar da shi, sai 'yan Dimokurat suka sauke ma'aunin zuwa kashi 45, da shi Max Cleland ya ci a 1996 bai kai rabi ba. Da Ripablikan suka karɓi majalisar jihar suka mayar da shi 50 a 2005.

Alhajin Nima: Mu a Gana 2008 Akufo-Addo ya zo na ɗaya da 49 da ɗoriya, aka je zagaye na biyu Atta Mills ya ci da ƙuri'a wajen dubu 40, sai da aka jira mazaɓar Tain ita kaɗai. Nana ya haƙura ya jira lokacinsa. Ku koyi haƙuri.

Jar Hula 2023: Alhaji haƙuri da zalunci ba ibada ba ne.

Ustaz Abu Hafsa: Ni abin da ya ɗaure min kai, Baban Walid, fasto ne fa mutumin nan, shi ke jagorantar cocin Ebenezer a Atlanta, kuma matsayinsa a kan zubar da ciki kowa ya sani. Kai da ranka ya ɓaci haka a kansa ka yi wa kanka hisabi?

Baban Walid: Ustaz cocin Martin Luther King ne, kuma ba limanci muke ba shi ba. In zubar da ciki ne, shi Walker mata biyu ne suka fito suka ce ya biya kuɗi an zubar musu, ya musanta amma maganar na nan. Ni inshorar lafiyar 'ya'yana nake dubawa da kuɗin allurar masu ciwon suga da Warnock ya tsaya a kai.

Hajiya ta Bronx: Ustaz bar shi, ai majalisar dattawan ma ta riga ta tafi, tunda Nevada da Pennsylvania suka faɗa hannunsu Dimokurat na da kujera 50 cikin 100. Zafin nan duk na me ye?

Baban Walid: Hajiya wannan maganar taki ita ce abin tsoron, kowa ya ce an gama ya zauna a gida. 51 ba 50 ba ce, kwamitoci za su koma hannunsu kuma mutum ɗaya irin Joe Manchin, sanatansu da ke yawan saɓa musu, ba zai riƙe kowa a wuya ba. Kujerar shekara 6 ce fa.

Aiki Sai Mai Shi: Jar Hula ina jiranka, kawo shafin hukuncin da ya ce an yi magudi a Gama.

Jar Hula 2023: Bidiyo na nan a wayar kowa, sai ka ce ba a Kano kake ba.

Kawu Admin: To ya isa haka, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi ba. Ɗan uwanmu Baban Walid ya zo da zafi ya ce an yi magudi a Jojiya, Barista ya yi bayani mai gamsarwa da hujjoji cewa doka ce kuma ita dokar ta taɓa amfanar su Warnock ɗin. Malama ma ta tabbatar ba magudi ba ne, 'yan uwanmu na Nijar da Gana sun nuna zagaye na biyu abu ne da aka saba ba a tayar da hankali a kansa. Haka maganar Kano, kotu ta gama da ita tuntuni, masu tada ta siyasa ce kawai. Yawancinmu mun tafi a kan cewa sanatan ne ya gaza shawo kan rabin jama'arsa. Na rufe wannan babin, a kawo wata maganar.

Malamar Tarihi: Kawu ban tabbatar da komai ba, ka share maganar Groover gaba ɗaya, da ta sati 9 da aka mayar 4.

Maradi Kolliya: Wane ɗan Nijar ɗin ne ya nuna haka? Mu biyu ne a nan kuma ni ban yarda ba.

Jar Hula 2023: Yawancinku su wa? Kai da Barista da Aiki Sai Mai Shi? Kawu kowa ya san hular da kake sawa, a ƙirga hannu in da gaske ne.

Kawu Admin: Na ce na rufe. Wanda ya ƙara ambatar Gama zan cire shi na sati ɗaya.