Shawarwari ga mai barin ƙauye zuwa birni

Tun wajen 2007 mazauna birane suka haura rabin al'ummar duniya, kuma a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen za su kai kashi 68 cikin ɗari nan da 2050. Shi ya sa, a wata tattaunawa kan shawarar da za a ba mai barin ƙauye zuwa birni, masu magana ba su ɓata lokaci kan hana tafiya ba.

Shawarar da ta fi nauyi, a ganina: kada a sayar da gona. A ba da aronta, domin leburanci yau akwai gobe babu, kuɗin ɗaki kuwa ba ya jira. A tafi da sana'a, a san masauki tun kafin tashi. Wasu sun ce hukumomi su kai hanya, ruwa da makaranta ƙananan garuruwa, tunda matasa ke tafiya suna barin tsofaffi da fartanya.