Motsin cikina ya ragu tun jiya, in tafi asibiti ko in jira ranar awo?

Amarya: Salam iyayena da yayyena. Cikin fari ne, sati 33. Yaron da ba ya barina barci saboda shuri, tun jiya da yamma sai ɗan motsi sama-sama. Ba ciwo, ba jini. Awona sai jibi. In tafi yau ko in jira? Ina tsoron a ce na cika raki.

Uwar Biyar: Kwantar da hankalinki ƙanwata. In ciki ya tsufa wuri ne ke matse masa. Sha ruwan sanyi, zai farka.

Anti Nas: Yaya don Allah a daina faɗin haka. Motsi yana ƙaruwa har wajen sati 32, daga nan ya daidaita, amma ba ya raguwa, har a naƙuda ana jin sa. Barcin ɗan tayi minti 20 zuwa 40 ne, da wuya ya wuce 90. Abin da aka ce tun jiya ya wuce barci. Idan mabiyiya ta gaza kai masa iska da abinci, sai ya rage motsi ya adana ƙarfinsa. Amarya, tashi yanzu.

Uwar Biyar: Ni dai biyar na haifa, ban taɓa zama ina ƙirga shuri ba.

Baiwar Allah: Ni ma ruwan sanyin aka ce in sha. Na sha, na ji ya ɗan juya, na ce Alhamdulillah na kwanta. Da na je awo, ungozoma ta ɗora abin jin bugun zuciya, ta matsar nan, ta matsar can, ta ƙara mai, sai ta fita ta kira likita. Yana hoton ya juyar da allon daga fuskata. Tun a nan na gane. Aka sa min ruwan naƙuda na haife shi ba rai, namiji, gashi cike da kai. Na san ƙaddara ce, amma har yau ina tuna daren da na kwanta alhali jikina yana gaya min akwai matsala.

Maman Tagwaye: Innalillahi. Allah ya sa mai ceto ne, 'yar'uwa.

Ummi: Amin. Mu dai an ce mana motsi 10 cikin awa 12.

Maman Tagwaye: A'a, 10 cikin awa 2 ne, kina kwance ta gefen hagu.

Anti Nas: Duk ana amfani da su, amma kowane yaro da tsarinsa. Canjin da uwa ta lura da shi ya fi lissafi. A asibiti za a saurari zuciyarsa a na'ura aƙalla minti 20, in da buƙata a yi hoto a duba girmansa da ruwan mahaifa. Yawanci ana samun komai lafiya.

'Yar Auta: Nawa kam ɗan ƙwallo ne, haƙarƙarina ya shaida 😂 Ku sayi injin sauraro na gida ku huta.

Anti Nas: Kada ma ta soma. Za ki iya jin naki bugun ki ɗauka nasa ne, kuma jin bugu ba ya nuna ba ya cikin wahala.

Uwar Biyar: Ke ce kaɗai mai ilimi ke nan? To ku ne in mace ta zo da dare kuke ce mata "ke kaɗai ce mai ciki?"

Ummi: Wallahi an gaya min wannan. Ina tsaye da kati a hannu, ko ɗago kai ba ta yi ba daga waya.

Anti Nas: Ba na kare masu yin haka. Amma ungozoma ɗaya a kan ɗaki guda da dare, masu naƙuda suna kira, wa za ta fara dubawa?

Baiwar Allah: Amarya, kin tafi? Ki amsa mana don Allah.

Ummi: Ƙarancin ma'aikata ba ya sa a zagi mutum, Anti.