Ta ina zan fara tseren zagaya turke da jirgin rimot?

Ɗankoyo:

Assalamu alaikum, malamai. Na iya tashi da sauka da jirgin koyo mai fiffike a sama, ina kuma mirgina shi ba tare da na kayar ba. Yanzu tseren nan ne ya shiga raina, wanda jirage uku ko huɗu ke tashi tare su zagaya turaku uku. Na ga ana sayar da jiragen Q40 da F3D, manyan ajin tseren, na hannu har da injinsu. In sayi ɗaya in fara da shi, ko akwai matakin da ake bi? Wane kaya ne dole? A taimaka mini da bayani dalla-dalla.

Mai Farfela:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar Q40 da F3D tukuna. Waɗannan suna kaiwa kilomita 300 a awa, wato sama da mita 80 a daƙiƙa ɗaya. Wanda bai saba ba, kafin ya gane jirgin ya karkata ya riga ya shiga ƙasa.

Fara da sanin filin. A dokar FAI, hukumar wasannin jiragen sama ta duniya, turke na ɗaya yana nisan mita 180 daga na biyu da na uku, su kuma waɗannan biyun mita 40 ne tsakaninsu. Zagaye ɗaya mita 400, ana yin zagaye 10, jimla kilomita 4, kuma kowace kwana ta hagu ce. Matuƙa suna tsaye kusa da turke na biyu da na uku, jiragen na kewaye su, shi ya sa hular kwano ta zama tilas. Gwanayen F3D kan gama cikin ƙasa da minti ɗaya.

Matakan, yadda aka tsara su a Amurka, sun fi sauƙin bi. Na ƙasa shi ne Club 40: jirgin wasa ne mai fiffike a ƙasa irin Sky Raider Mach II, da inji mai girman .40, gudunsa wajen kilomita 150 a awa. Sai Quickie 500, wanda ya samo sunansa daga girman fiffikensa, murabba'in inci 500. Tsawon fiffiken inci 50 zuwa 52, faɗinsa ɗaya daga tushe har baki, gangar jikin kamar akwati, nauyi kada ya gaza kilo 1.7. A cikinsa akwai aji 424 na sababbi, inda aka daɗe ana amfani da injin Thunder Tiger Pro 40 da farfela APC 9x6, gudu kusan kilomita 190. Bayansa aji 426, sannan aji 422, wato Q40 ɗin da kake hange. Ƙungiyar NMPRA ce ke kula da harkar a can, babbar gasar shekara kuma a Muncie ta jihar Indiyana ake yi.

Amfanin ƙananan ajin shi ne kowa inji ɗaya, farfela ɗaya, mai ma masu shirya gasa ne ke bayarwa. Kuɗi ba ya saya maka nasara, hannu ne ke bambanta mutane. Kafin ka kashe ko sisi, tambayi kulob ɗin da za ka shiga ajin da suke gudu, ka sayi daidai abin da dokarsu ta ce.

Kafinta:

Malam Mai Farfela ya gama maganar aji. Ni haɗa jirgin zan taɓa, don a nan yawancin sababbi ke asara.

Ka yi lissafin nan. Jirgi mai gudun mita 53 a daƙiƙa, wato gudun aji 424, in ya sha kwana mai radiyos mita 15, nauyin da fiffike ke ɗauka ya kusa ninki 19. Kilo 1.7 ya koma sama da kilo 30. Saboda haka tsakiyar fiffike sai an naɗe shi da ƙyallen faiba da efoksi, sama da ƙasa. Katakon da notin fiffike ke shiga, da allon da inji ke zaune a kai, a ƙara musu ƙusurwar katako da efoksi mai jinkirin bushewa, na minti 30. Na minti 5 bai da ƙarfin da ake buƙata a wurin.

Abu na biyu, karkarwar leɓe. Leɓen fiffike da leɓen jela, waɗanda sarbo, ɗan injin da rimot ke sarrafawa, ke ɗagawa da saukewa, in akwai lako-lako a sandar da ke tura su, a babban gudu sai su kama kaɗawa da kansu. Za ka ji wata ƙara "brrr" ta daƙiƙa ɗaya, sai leɓen ya tsinke ko haƙoran sarbo su karye. Magani: sandar turawa miƙaƙƙiya mai ƙarfi, ramin da take shiga daidai kaurinta, sarbo mai haƙoran ƙarfe, sannan a rufe tsagar hinji da salatif daga ƙasa. Kama leɓen da yatsa ka girgiza, rimot a kunne. In ya motsa ba tare da sarbo ya motsa ba, kada ka tashi. In ka ji ƙarar a sama, rage wuta nan take ka sauka.

Wurin daidaiton nauyi a Quickie yana wajen santimita 7 daga gaban fiffike, amma bi abin da takardar jirginka ta ce, kuma a auna tanki babu mai. In ya koma baya da yawa, jirgin zai riƙa zillo, hanci na sama na ƙasa. In ya yi gaba da yawa, zai buƙaci jan leɓe mai yawa a kwana, gudu ya zube.

Motsin leɓe kuwa kaɗan ake so, abin har mamaki yake ba wanda ya saba da jirgin wasa. Leɓen jela milimita 5 zuwa 6 sama da ƙasa ya isa farawa. In ya yi yawa, ka ja sandar rimot da ƙarfi a kwana, iska ta saki fiffike ɗaya, jirgin ya wuntsila ko da yana cikakken gudu. A tsayin mita 10 babu ceto. Gwada can sama: kwantar da shi gefen hagu, ja sandar har ƙarshe. In ya wuntsila, sauka ka rage milimita ɗaya. Ka ajiye wani maɓalli mai ƙarin motsi don sauka kawai.

Inji: murɗa allurar mai har ya kai ƙololuwar ƙara, sannan ka buɗe ta baya ya ragu da juyi 300 zuwa 500 a minti. A sama farfela na samun sauƙi, juyi ya ƙaru, inji ya nemi ƙarin mai. In ka bar shi a ƙololuwa tun ƙasa, zagaye na biyar zai yi zafi, ya ƙone fulogi, wani lokaci ya goge fistin. Tanki a naɗe shi da soso kada jijjiga ta sa mai ya yi kumfa. Masu tanki mai balan-balan a ciki, a zuƙe iskar duka da sirinji kafin a ɗura. Farfelar da ta taɓa ƙasa ko ta tsage, a jefar.

Hajiya Batir:

Ban yarda sai da injin mai ake farawa ba, Malam Kafinta. Mai tambaya bai faɗi inda yake ba. In a Kano ko Maraɗi ne, metanol mai kyau da naitiro da fulogi duk sai an yo oda, ƙurar hunturu kuma tana cin fistin. Akwai ajin lantarki na EF1, batir LiPo mai ɗaki huɗu da farfela 8x8, gudunsa kusa da na aji 424, babu allurar da za a murɗa. Kulawarsa ɗaya ce: caji ya tsaya a bolt 4.2 kowane ɗaki, ajiya a 3.8, a bar batir ya huce kafin a sake caji, kada a bar shi cikin mota a rana. Wanda ya kumbura ya gama aiki.

Inda babu kulob, mutum uku masu jirgi iri ɗaya sun isa. A kafa turke biyu na bututun roba da tuta a kai, a tsaya a gefe ɗaya daga waje, 'yan kallo can baya nesa, babu gida ko hanya a ƙarƙashin layin jirgi. A Najeriya jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin NCAA, hukumar kula da jiragen sama, a nema kafin a tara mutane. A kuma saita rimot ta kashe inji da kanta in sigina ya yanke.

Alƙalin Turke:

Ƙanena, duk ajin da ka zaɓa, nemi mai kira kafin ka nemi jirgi na biyu. Shi ne ke riƙe jirgin ya sake shi in an ba da alamar tashi, sannan ya tsaya a kafaɗarka yana gaya maka lokacin kwana, kamar yaron mota da direba a wurin ribas. Daga inda kake ba za ka iya gane ko jirginka ya kai turke na ɗaya ba, ido ba ya auna nisa a mita 180. Alƙalai na kunna fitila in jirgin ya kai. Amma mai kira nagari ba ya jiran fitila. Jinkirin rabin daƙiƙa a gudun aji 424 mita 26 ne, zuwa da dawowa 52, a zagaye 10 ka yi asarar fiye da zagaye guda. Ƙirga yake yi da murya ɗaya daga turke na uku, ya ce "shirya" ka kwantar da jirgin, ya ce "juya" ka ja, fitilar ta kama kana tsakiyar kwana.

In ka juya kafin turke, an ce ka yanke. A dokar FAI yanke ɗaya ana ƙara maka kashi 10 cikin 100 na lokacinka, biyu kuma an soke maka wannan karon. Don haka a gasarka ta farko ka wuce turke da 'yar tazara, ka tashi sama da kowa kaɗan, ka gama zagaye goma. Inji ma minti ɗaya ake ba ka ka tayar, wanda bai tashi ba ya rasa karon, sai ka gwada fulogi da batirinsa kafin a kira ku.

Kada ka bi bayan wani jirgi daf a kwana. Iskar da ya yamutsa tana iya kifar da naka ba tare da ka taɓa komai ba.

Ɗankoyo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Tambaya ɗaya ta rage. Me ke sa jirgi ya nufi ƙasa da zarar an ja shi a kwana, alhali a miƙe yana tafiya daidai?

Kafinta:

Yawanci fiffiken hagu ne ya fi nauyi. A miƙe bambancin giram 5 ba ya nunawa, amma a kwana ya ninka sau goma sha wani abu, sai ya ƙara mirgina jirgin hagu ya wuce kwanciyar gefe, jan da kake yi ya koma ja zuwa ƙasa. Manna ɗan ƙarfe mai giram 3 zuwa 5 a bakin fiffiken dama, ka sake gwadawa can sama. In kuma hawa yake yi yana fita daga kwana, nauyin a hagu za ka sa. In nauyi bai gyara ba, duba leɓen jela, musamman mai jela irin ta V: auna ɓangarorin biyu da rula, sandar rimot a ja har ƙarshe, dole su ɗaga daidai da juna. Ka kuma lura da babban yatsanka, da yawa suna ɗan tura sandar hagu suna ja ba su sani ba, ƙara taurin sifirin na rimot yana rage hakan. Canji ɗaya za ka riƙa yi kowane tashi, ka rubuta abin da ka canza a littafi.